Murmushin Ta Ciki Na Ciki: Labarin Little Chandler Da Mu 'Yan Digiri Na Biyu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya adana shi sai ya samu ta dare.

Akwai wani gajeren labari na Turanci da nake so mu tattauna a kansa. Sunansa A Little Cloud, wato ɗan ƙaramin girgije. James Joyce, marubucin ƙasar Ireland, ya rubuta shi a 1906, aka buga shi a 1914 cikin littafinsa Dubliners mai gajerun labarai 15, shi ne na takwas. 'Yan sashen Turanci sun san shi, wataƙila ma ya ishe su saboda jarrabawa. Sauran jama'a kuwa, zama ɗaya ya isa a gama shi. Abin da na fahimta daga cikinsa, kuma shi nake son in kare a nan, shi ne: baƙin cikin da mutum ya ɓoye ba ya zama a inda aka ajiye shi. Yana neman ƙofar fita, kuma kusan kullum a kan wanda ba zai iya ramawa ba yake sauka.

Ga labarin a taƙaice. Thomas Chandler akawu ne a King's Inns, wurin da ake horar da lauyoyi a birnin Dublin. Shekararsa 32, yana da mata mai suna Annie da jariri namiji. Ana ce masa Little Chandler, ƙaramin Chandler, duk da ba wani gajere ne can ba. Komai nasa ne dai ƙarami: hannuwansa, muryarsa, yadda yake ɗaukar kansa a cikin mutane. Irin mutumin nan ne mai tsafta da kunya, wanda ko an taka shi, shi zai ba da haƙuri.

Ranar da abin ya faru, tsohon abokinsa Ignatius Gallaher ya zo gari ziyara. Shekara 8 da suka wuce Chandler ne ya raka shi tashar jirgin ruwa ya tafi Landan, har ana raɗe-raɗin wata badaƙalar kuɗi ce ta sa ya bar gari. Yanzu ga shi ya zama ɗan jarida a Landan, sunansa ya fita. Sun yi da Chandler za su haɗu a Corless's, wani wurin cin abinci da shan barasa na manyan gari, wanda Chandler bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba.

A kan hanyarsa ta zuwa ne muke sanin sirrinsa. Chandler yana son zama mawaƙi, irin mai rubuta waƙa a buga a littafi. Yana da littattafan waƙoƙi a gida tun yana gwauro. Sau da yawa da yamma yakan ji kamar ya ɗauko ɗaya ya karanta wa matarsa, sai kunya ta hana shi, littafin ya ci gaba da zama a kan kanta. Yana tafe yana ƙirƙiro irin yabon da masu sharhin jaridun Ingila za su yi wa littafinsa, har yana tunanin ya sa sunan mahaifiyarsa, Malone, a tsakiyar sunansa don ya fi daɗin ji. Mafarkin ya ɗauke shi har ya wuce layin da zai shiga, sai da ya juyo.

Da suka zauna, Gallaher ya cika wurin da surutu. Gashin kansa ya fara zubewa, fuskarsa ba ta nuna ƙoshin lafiya, amma bakinsa bai gaji ba: Paris kaza, Landan kaza, matan can kaza. Ya tambayi Chandler ko ya taɓa fita waje. Chandler ya ce ya je Isle of Man, wani ɗan tsibiri tsakanin Ireland da Ingila. Kamar dai a tambaye ka ko ka taɓa fita ƙasar waje ka ce eh, ka je Kwatano sayen gwanjo. Gallaher ya bushe da dariya. Chandler ya gayyace shi gida ya ga iyalinsa, ya ce ba lokaci, yana da zaman karta da wasu, gobe kuma zai koma, sai dai ko baɗi. A kan aure kuma ya ce in ma zai yi, mai kuɗi zai aura, don zama da mace ɗaya abu ne mai gundura. Chandler yana zaune yana jin zafi a ransa, don ya san ya fi mutumin nan asali da ilimi, amma ga shi shi ne ake kallo da tausayi. Bai faɗi ko ɗaya daga cikin abin da ke ransa ba.

Sai gida. Ya dawo a makare, ya kuma manta da ƙunshin kofin da Annie ta ce ya sayo mata. Ranta ya ɓaci. Wajen ƙarfe tara saura kwata, kafin a rufe kanti, ta miƙa masa jaririn yana barci ta fita sayen ganyen shayi da sukari da kanta. Yana riƙe da yaron ya ƙura wa hotonta ido. Rigar da ke jikinta a hoton shi ya sayo mata, sule 10 da kwabo 11, bayan ya sha kunya a kantin kayan mata. Yanzu yana kallon idanunta a hoton yana ganin babu komai a ciki sai sanyi. Ya dubi kujeru da teburin ɗakin, duk bashi ne ana biya kaɗan-kaɗan. Ya buɗe littafin waƙoƙin Byron ya fara karantawa, sai yaron ya farka ya fara kuka. Ya jijjiga, ya lallasa, kuka ya ƙi tsayawa. Nan ya ji a ransa cewa shi fursuna ne har ƙarshen rayuwarsa, sai ya sunkuya ya daka wa jaririn tsawa a fuska. Yaron ya ɗauke wuta na ɗan lokaci, sannan ya ɓarke da shessheƙa har uban ya fara tsoron kada ya mutu. Annie ta banko ƙofa, ta fizge ɗanta, ta tambaye shi me ya yi masa, ya ga ƙiyayya ƙarara a idonta. Ya ja baya daga hasken fitila, kunya ta rufe shi, hawayen nadama suka cika masa ido. A nan labarin ya tsaya.

To, idan ka ba mutanenmu labarin nan, fassara biyu za ka ji. Na farko, 'yan "a gudu tun da sauran ƙarfi", za su ce laifin Chandler ne da ya zauna. Da ya bi Gallaher ya yi japa da tuni ya zama wani abu. Na biyu, dattawanmu da masu tunani irin nasu, za su ce mutum yana da aiki, yana da mata, Allah ya ba shi ɗa namiji, me kuma yake nema? Rashin godiya ne kawai. Ni dai duka biyun ba su gamsar da ni ba.

Bari in fara da 'yan japa, don amsarsu tana cikin rayuwar marubucin kansa. Joyce ya bar Ireland a watan Oktoba 1904 tare da Nora Barnacle. Shi ne wanda ya tafi, shi ne Gallaher a idon abokansa na gida. Amma a lokacin da yake rubuta labarin nan yana ɗan shekara 24 a birnin Trieste, wanda yau yake cikin Italiya, koyar da Turanci yake yi a makarantar Berlitz da ɗan albashi, bashi ya yi masa katutu, ƙaninsa Stanislaus ne ke taimaka wa gidan da abin da yake samu. An haifa masa ɗa, Giorgio, a watan Yulin 1905. A tsakiyar 1906 ya koma birnin Rum ya kama aikin akawu a wani banki, bai shekara ba ya ajiye. Littafin Dubliners ɗin kansa ya yi shekara 9 yana yawo tsakanin masu buga littattafai kafin ya fito. Ka gani? Mutumin da ya tsallaka teku, akawu ne mai jariri a ƙaramin ɗaki, yana rubuta labarin akawu mai jariri a ƙaramin ɗaki wanda ke ganin da ya tsallaka teku da ya huta. Joyce ya san kukan jaririn nan da kunnensa, kuma a ƙasar waje ya ji shi.

Kowannenmu yana da nasa Gallaher. Abokin da kuka yi digirin farko tare, kai ma ka riƙa koya masa darasi daren jarrabawa, yau yana Birtaniya ko Malesiya ko Saudiyya, kullum sabon hoto cikin rigar sanyi a sitatus. Ko wanda bai fita ko'ina ba amma kawunsa ya sama masa aiki a wata hukumar tarayya a Abuja, ya yi aure, ya sayi mota. Ba na cewa duk ƙarya suke yi. Wasu wallahi sun dace, Allah ya ƙara musu. Amma hoto ba ya nuna aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wanda da yawa daga masu digiri na biyu ke yi a Birtaniya don su biya haya. Ba ya nuna cewa tun Janairun 2024 yawancin masu zuwa karatun digiri na biyu a can ba su da izinin tafiya da iyalinsu, miji yana can mata tana nan. Mun kuma ga yadda ƙannenmu da ke karatu a Sudan suka kwana a kan iyakar Masar a 2023 bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu, wasu saura ƙiris su gama. Shi ma Gallaher na labarin, in ka lura, duk surutun nan nasa rufa-rufa ce. Mutumin da ya dawo garinsu bayan shekara 8 amma ba shi da awa ɗaya ta shiga gidan abokinsa ya ga jariri, wanda bai san wata hira ba sai ta mata da kuɗi, ba na jin barcinsa ya fi na Chandler daɗi. Abokai biyu suka zauna awanni, kowa yana yi wa ɗan uwansa wasan kwaikwayo, aka tashi babu wanda ya san halin da wani ke ciki.

Akwai kuma wani abu game da mafarkin Chandler da ya kamata mu 'yan mastas mu tsaya a kansa, ko da zai yi mana ɗaci. A duk tsawon labarin, Chandler bai rubuta ko baiti ɗaya ba. Abin da ya tsara a kansa shi ne yabon da za a yi masa, da yadda sunansa zai fito a bangon littafi. Waƙar ba ta dame shi kamar kujerar mawaƙin ba. Yanzu ka dubi ajinmu. Mutum nawa ne suka zo don akwai wata tambaya da ke hana su barci suna son su bincika? Akwai su, na san wasu, kuma ana gane su. Amma da yawanmu mun zo ne don an gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, zaman gida ya fara zama abin magana a unguwa, sai mastas ta zama ɗakin jira mai mutunci. "Yana ƙaro karatu a Kudu" ya fi "yana gida" daɗin faɗa a bakin Hajiya idan ƙawayenta sun tambaya. Wasu kuma tun yanzu sun fara gwada yadda "Dakta" zai zauna a gaban sunansu, alhali babi na biyu ya yi wata shida bai motsa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan ba zagi ba ne, ɗan uwa. Zuwa don rashin abin yi ba laifi ba ne a ƙasar da muke ciki. Matsalar tana farawa ne lokacin da mutum ya kasa faɗa wa kansa dalilin zuwansa, sai ya riƙa jin haushin duniya a kan wani buri wanda in aka bincika ba nasa ba ne.

Su kuma masu cewa rashin godiya ne, su ma su yi mana adalci. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati a shekarun nan ya ga yajin aikin ASUU na wata 9 a 2020, ga korona a kai, ya kuma ga na wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022. Shekarun nan ba a mayar wa kowa su ba. Ka fito ka tarar tallan ɗaukar sababbin ma'aikata, musamman na bankuna, yawanci yana cewa kada ka wuce 26 ko 27. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala ko kakin bautar ƙasa ba zai sa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin motar zuwa gida hutun Sallah ya zama abin da ake yi wa lissafi tun watan Sha'aban. Mastas da aka ce wata 18 ce, sai ka ga mutum yana shekara ta uku yana jiran malamin da ke duba aikinsa ya buɗe fayil. Wanda ya ji nauyi a ƙirjinsa a cikin wannan hali ba butulci ya yi ba, lissafi ya iya.

Sai dai mu an koya mana ɓoyewa tun muna yara, kuma harshenmu ma ya tanadi kayan aikin. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya karatu? Alhamdulillah. Yaya jiki? Da sauƙi, ko da mutum yana kan gadon asibiti. Muna cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ina son wannan ɗabi'a tamu ta wani ɓangaren, don ita ce ta sa talakanmu yake da mutunci, ba ya tallata yunwarsa. Amma mu da ke nan Ibadan da Legas da Benin da Fatakwal da Nsukka, rufin namu ninki biyu ne. A aji kana ɗauke da Arewa gaba ɗaya a kafaɗarka. Ka san akwai masu jiran "aboki" ya yi tuntuɓe a semina su ce dama mun faɗa, don haka ba za ka nuna gazawa ba ko da ba ka fahimci komai ba. A waya da gida kuma kai ne ɗan da ya yi nisa, wanda ƙanne ke turo wa saƙon kuɗin makaranta, wanda ba a tsammanin yana kwana da garin kwaki. Can ba ka isa ka ce ka gaji ba, nan ma ba ka isa ba. Sai a haɗu a masallaci ranar Juma'a ko a wajen mai shayi a Sabo, kowa ya sha guga, a yi musabaha, a yi hoto, a watse.

To ina abin yake tafiya? Nan ne Joyce ya fi burge ni. A labarin gaba ɗaya, sau ɗaya tak Chandler ya ɗaga murya. Bai ɗaga wa ogansa ba, bai ɗaga wa Gallaher da ya yi masa dariya ba, bai ma iya ɗaga wa Annie ba. Jaririn da bai san komai ba shi ya sha tsawar. Ku duba kusa da ku, ku gaya mini ko ba haka abin yake ba. Wanda malaminsa ya wulaƙanta da safe ya ce "na gode, Farfesa", da yamma ƙaninsa ya kira yana neman dubu biyu ya wanke shi tas. Wanda aka ba ajin 'yan shekarar farko ya taya koyarwa, ya mayar da su abin huce haushi. Wanda matarsa ta kira daga gida ta ce yaro ba lafiya, ya ce ita kullum ba ta da labari sai na matsala. Budurwar da aka daina ɗaga wayarta ba tare da ta san laifinta ba, alhali laifin na lefen da aka kasa haɗawa ne. A waje ana cewa wane mutumin kirki ne, ba ya faɗa. Mutanen gidansa ne suka san kuɗin da ake biya a kan wannan shirun.

Ita kuwa Annie, ba a cika maganarta ba, kuma ina ganin an zalunce ta. Joyce bai shigar da mu cikin zuciyarta ba, da idon mijinta kawai muke ganinta, shi ya sa take fitowa kamar mace mai sanyin zuciya da faɗa. Amma a duba abin da labarin ya nuna. Ba su da 'yar aiki saboda tsimi, ƙanwarta Monica ce ke zuwa na ɗan lokaci safe da yamma. Ta yini da jariri. Abu ɗaya ta roƙa a sayo mata, aka manta. Miji ya dawo a makare daga mashaya. Ta fita cikin dare neman shayi da sukari, ta dawo ta tarar da ɗanta yana neman shiɗewa. Ita ma da nata mafarkin kafin aure, ko? Ba wanda ya tambaye ta. Mijin da ke jin kunyar karanta mata waƙa bai taɓa ba ta damar ta san wane ne shi ba, sannan yana kallon hotonta yana zarginta da rashin fahimtarsa. Wataƙila da ya karanta mata ta yi dariya. Wataƙila kuma ta saurara. Bai gwada ba, ya yanke mata hukunci.

'Yan uwa mata da ke karanta wannan, na san naku ya fi namu nauyi ta wasu fuskoki. Wadda ba ta yi aure ba, duk hutu tambaya ɗaya ce daga gwaggo da inna, kamar digirin wani ciwo ne da ake jira ya warke. Wadda ta yi, tana lakca tana duba waya ko mai raino ta kira, ta dawo ta ɗora tukunya, ta buɗe kwamfuta ƙarfe 11 na dare in akwai wuta. In ta ce ta gaji, amsar a shirye take: wa ya aike ki? Don haka ita ma ta koyi murmushin ta ciki na ciki, har ta fi mu iyawa.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: Malam, so kake mu zama masu ƙorafi kamar Turawa? Ina haƙuri, ina yarda da ƙaddara? Kuma ai ba kowa ake buɗe wa ciki ba, wani dariya zai yi, wani ya kai gaba. Maganar ƙarshen nan gaskiya ce, kuma ba na cewa kowa ya zo Facebook ya zazzage asirinsa. Amma haƙuri da ɓoyewa ba abu ɗaya ba ne, mu ne muka gwama su. A ƙissar Annabi Yusuf, Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suna gani, bai ce musu ba komai ba, ya kuma kai kukansa ga Ubangijinsa. Duk da haka da haƙurinsa ake ba da misali. Mai haƙuri ya san abin da ya rasa, ya kira shi da sunansa, ya ci gaba da tafiya. Mai ɓoyewa kuwa yana cewa bai rasa komai ba, sai ya kasa yin makokin abin, ya kasa kuma sakinsa.

Shi ya sa ban ɗauki hawayen Chandler a matsayin faɗuwa ba, ko da yake masu sharhi da yawa suna karanta ƙarshen a matsayin mutumin da ya makale har abada. Yana iya zama hakan. Amma tun safe yake cikin ƙarya, ta Gallaher da tasa, kuma wannan ne karo na farko da ya ga abin da ke gabansa yadda yake: ɗaki ƙarami, bashi, mace da ta gaji, yaro da ya tsorata, da shi kansa a matsayin wanda ya tsorata shi. In akwai inda karɓar rayuwa zai fara masa, daga nan ne. Ba zai zama Byron ba. Zai iya zama akawu mai son waƙa, wanda ke karanta wa matarsa shafi ɗaya bayan yaro ya yi barci. Wannan ƙaramin abu ne ƙwarai in aka gwada da mafarkinsa, amma shi ne yake hannunsa, kuma shekara da shekaru yana raina shi.

Namu ma haka yake kama. Mutum ya zauna ya ce wa kansa: shekarata 29, ba zan zama abin da na zata ina ɗan 20 ba, aƙalla ba a lokacin da na tsara ba. Wannan binciken ba zai girgiza duniya ba, amma zan gama shi da gaskiya in karɓi takardata. Ko kuma ya ce wannan karatun ba nawa ba ne, zan koma kasuwa wurin Baba, kuma ba mutuwa ba ce. Ya gaya wa Hajiya cewa wannan watan babu, maimakon ya ci bashi a manhajar waya don kada a ce ya gaza. Ya gaya wa wadda zai aura ainihin abin da ke aljihunsa tun kafin a sa rana. Ya samu mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda in ya ce masa "yaya kake" zai iya amsawa da "wallahi ba daɗi". Kai kuma da aka gaya wa, don Allah ka riƙe wa'azin na minti goma, ka saurara tukuna. Ya san ayoyin haƙuri kamar yadda ka sani.

In kuma abin ya wuce ɓacin rai, barci ya ƙaurace makonni, abinci ba ya shiga, mutum ya daina fita daga ɗaki ko ya fara tunanin rabuwa da duniya, wannan ciwo ne kamar hawan jini, ana kuma maganinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a ƙasar nan ƙwarai, amma akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Yaba ta Legas, Aro ta Abeokuta, Uselu ta Benin, Inugu da Kalaba, a gida kuma akwai Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ba ya hana addu'a. In abokin ɗakinka ne, ka raka shi da ƙafarka.

Wanda zai nemi labarin, littafin yana intanet kyauta, don Joyce ya rasu tun 1941. In ka gama shi kada ka rufe, ka wuce na tara, Counterparts, wanda Joyce ya jera daf da shi. Shi ma akawu ne, sunansa Farrington, mai 'ya'ya biyar. Ogansa ya ci masa mutunci a ofis, ya jinginar da agogonsa ya tafi mashaya, wani baƙo ya kayar da shi a gwajin ƙarfin hannu a gaban abokansa har sau biyu. Ya dawo gida cikin dare aljihu wayam, matarsa ta tafi coci, ya tarar wutar murhu ta mutu. Ya ɗauki sanda ya bi ƙaramin ɗansa Tom da duka, yaron yana durƙushe yana roƙon uban ya bari, yana alƙawarin zai yi masa addu'a. Farrington bai zubar da hawaye ko ɗaya ba.